Me ya sa wasa ke gudu sumul, amma manhajar waya ke jan ƙafa?

Tambayar da aka yi mini ita ce: "Ina koyon rubuta manhaja, kuma akwai abin da ke ɗaure mini kai. A waya ɗaya, wasan tseren mota mai bishiyoyi da inuwa da ƙura yana gudu sumul, amma in na buɗe manhajar da ba ta nuna komai sai rubutu da hotuna biyu ko uku, sai ta tsaya tana juya mini 'yar da'ira. Talabijin ma in na danna rimot sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ku masu yin wasanni, me kuka sani wanda sauran ba su sani ba?"

Ɗan'uwa, babu wani asiri da muka ɓoye. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma na zauna da masu rubuta manhajar banki da ta asibiti waɗanda suka fi ni iya lissafi nesa ba kusa ba. Abin da ya raba mu shi ne, mu ana bin mu bashin lokaci, kuma mai bin bashin yana ƙwanƙwasa ƙofa sau 60 a kowace daƙiƙa.

Ga yadda lissafin yake. Motsin da kake gani a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri. Yawancin allunan waya da kwamfuta suna sauya hoton sau 60 a daƙiƙa. Ka raba daƙiƙa ɗaya gida 1,000, kowane gida shi ake kira milisakan. To kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal. A cikin wannan ɗan lokaci dole wasa ya duba abin da ka danna, ya motsa motarka, ya motsa motocin abokan hamayya, ya gano wa ya yi karo da wa, ya haɗa sauti, sannan ya zana komai daga farko. Idan allon mai sauyawa sau 120 ne, kamar na wayoyi da yawa na yanzu, kason ya koma milisakan 8.3. In ka makara ko da kaɗan, allo ba ya jira. Tsohon hoton zai sake nunawa, ɗan wasa kuma zai ji abin a hannunsa tun kafin ya san sunan abin da ya faru. Zai ce wasan yana sarƙewa, ya goge shi.

Saboda haka a wurinmu lokaci kasafi ne, kamar kasafin kuɗi. A taron aiki za ka ji ana cewa zane ya ɗauki milisakan 9, lissafin karo ya ɗauki 2, sauti 1. In wani ya zo da sabuwar dabara, misali hayaƙi ya riƙa fita daga tayar mota, tambayar farko ita ce nawa zai ci, ta biyu kuma, daga kason wa za a cire. Na ga gardama mai zafi a kan rabin milisakan. Yanzu ka je inda ake rubuta manhajar sayayya ka tambayi milisakan nawa shafin farko yake ɗauka kafin ya buɗe a wayar mai ƙaramin ƙarfi. A wurare da yawa ba za ka sami wanda ya taɓa aunawa ba. Ba don ba su iya ba. Babu wanda ya ɗora musu wannan nauyin.

Wannan ɗabi'ar gado muka yi. Atari 2600, injin wasan bidiyo da ya fito a 1977, yana da ma'adanar aiki, wato inda yake riƙe bayanan da yake aiki da su, ta bayit 128. Bayit nake nufi, wanda kowanne ke ɗaukar kamar harafi ɗaya, ba kilobayit mai bayit wajen dubu ba. Wannan sakin layin da kake karantawa ya fi ƙarfinta. Ba shi ma da inda zai ajiye hoto cikakke, don haka mai rubuta wasa yana shirya hoton ne layi-layi, daidai lokacin da talabijin ke zana shi daga sama zuwa ƙasa. Na'urar Nintendo da ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom, ta isa Amurka a 1985 da sunan NES, tana da ma'adanar aiki ta kilobayit 2, firosesarta kuma, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, tana bugawa kusan sau miliyan 1.79 a daƙiƙa. Ka raba wannan gida 60, ka ga bugu kusan 30,000 ke nan ga kowane hoto. Wasan Super Mario Bros. na wannan na'ura gaba ɗayansa kilobayit 40 ne. In ka lura da kyau, gajimare da ƙananan bishiyoyin cikinsa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, don babu wurin ajiye zane biyu. Wayar da ke hannunka kuwa, ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyin firosesarta tana iya yin bugu wajen miliyan 50 a cikin wannan milisakan 16.7 ɗin, kuma tana da ƙwayoyi shida ko takwas. Don haka in manhaja ta ɗauki daƙiƙa uku kafin ta nuna maka rubutu, kada ka fara zargin wayar.

Niklaus Wirth, masanin ƙasar Suwizalan da ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya koka da wannan tun 1995. Abin da ya faɗa, wanda yanzu ake kira dokar Wirth, shi ne manhaja tana ƙara nauyi da saurin da ya fi saurin da na'ura ke ƙara ƙarfi. Shekaru talatin ke nan, maganar ba ta tsufa ba.

To ina lokacin yake tafiya? A nan nake so in ɗan daɗe, domin shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya bayyana mini tun ina sabon shiga. Mai koyo yana ɗauka lissafi ne ke cin lokaci: tarawa, ninkawa, rabawa. Firosesar zamani ba ta gajiya da lissafi. Abin da ke kashe ta jira ne. Kusa da ita akwai wani ɗan ƙaramin aljihu mai saurin gaske, wanda ɗauko abu daga cikinsa ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Babbar ma'adanar aiki, wato RAM, ta fi shi nisa kusan sau ɗari. Bari mu faɗaɗa lokacin yadda hankali zai kama. Ka ɗauka ɗauko abu daga aljihun nan daƙiƙa ɗaya ce, kamar ka miƙa hannu kan teburinka. To ɗauko shi daga RAM ya zama tafiyar minti ɗaya da rabi. Karanto shi daga ma'ajiyar fayiloli ta waya ya zama kwana guda cur. Tambayar wata kwamfuta a wata nahiya ta intanet, wadda a zahiri ke ɗaukar milisakan 100, ta zama jiran fiye da shekara uku.

Yanzu ka dubi manhajar da ke juya maka da'ira. Ka buɗe ta. Ta aika tambaya ga sabar kamfaninta, wato kwamfutar da ke can nesa tana riƙe da bayanan, ko har yanzu kai ne. Ta jira. Amsa ta zo, sai ta tambayi waɗanne saituka za ta yi amfani da su yau. Ta jira. Sannan ta nemi jerin abubuwan da za ta nuna, ta jira, sannan ta nemi hoton kowannensu. A gefe guda kuma akwai 'yan manhajojin talla da na bin diddigin mai amfani da aka cusa a cikinta, kowace na kiran gida. Tafiyar shekara uku-uku ke nan a jere, ɗaya bayan ɗaya, firosesa kuwa na zaune ta harɗe hannu. Sayen babbar data ba ya magance wannan. Faɗin hanya daban, nisanta daban. Haske a cikin wayar gilashi da intanet ke bi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kilomita 200 a kowane milisakan, kuma babu injiniyan da zai ƙara masa sauri. Wasan tseren da ka ambata ya kwaso duk abin da yake buƙata tun kafin a fara tsere, ya jera shi a RAM, ya kuma jera shi yadda firosesa za ta ɗebo a jere. Firosesa tana ɗebo bayanai ne dunƙule-dunƙule, yawanci bayit 64 a lokaci guda. In bayanan motoci ɗari suna kwance kusa da juna, ɗebowa ɗaya ta kawo maka na gaba kyauta. In kuwa kowace mota an jefar da bayananta a wani lungu daban na ma'adana, kowace sai an yi mata tafiyar minti ɗaya da rabi. Mike Acton, lokacin yana kamfanin Insomniac Games, ya yi wata lacca a 2014 a kan wannan salon tsara bayanai, kuma har yau masu sana'armu na tura wa juna ita.

Bari in ba ka labarin wautata. Na taɓa yin wani ƙaramin wasan waya wanda a kwamfutata yake tafiya lafiya lau, amma a waya duk bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya ɗan daskare, kamar mai tuntuɓe. Na zargi zane. Na rage inuwa, na rage ƙyalƙyali, na kwana biyu ina yanke abubuwan da na sha wahalar yi. Tuntuɓen na nan. A rana ta uku na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na kunna manhajar awo, wadda muke kira furofaila, mai nuna maka abin da kowane sashe ya ci a kowane hoto. Jadawalin a kwance yake, sai can ka ga wani tsini ya miƙe kamar ƙusa, sai ya sake kwanciya, sai wani tsinin. Na danna kan tsinin. Mai kwashe shara ne. A harsuna irin su C# da Java da JavaScript, ba kai ke mayar da ma'adanar da ka ara ba. Akwai wani ɓangare da ke zagayowa lokaci-lokaci ya tattara abin da aka daina amfani da shi, kuma a injin da nake aiki da shi a lokacin, in ya zo sai kowa ya tsaya. Wa ke tara sharar? Layi ɗaya ne da na rubuta da hannuna: makin ɗan wasa da ke saman allo. A kowane hoto ina ƙirƙirar sabon rubutu, "Maki" haɗe da lamba, ko makin ya sauya ko bai sauya ba. Sau 60 a daƙiƙa, sau 3,600 a minti. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Gyaran bai kai minti biyar ba, na ce kada a sake rubutun sai makin ya canza. Sannan na koma na mayar da inuwar da na yanke ba gaira ba dalili.

Abin da wannan ya koya mini game da awo shi ne, matsakaicin lissafi maƙaryaci ne. Ka ɗauka hotuna 59 kowanne ya ɗauki milisakan 10, ɗaya kuma ya ɗauki 400. Jimilla 990, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A takarda wasanka na yin hotuna 60 a daƙiƙa, sai ka buga ƙirji. A hannun ɗan wasa kuwa ya daskare kusan rabin daƙiƙa. Mu mafi munin hoto muke dubawa. Mutane ba sa tuna sau ɗari da manhaja ta amsa nan take, sau ɗayan da ta maƙale lokacin da suke sauri shi suke tunawa.

Kada ka ɗauka ƙananan masu sana'a irina ne kawai ke faɗawa wannan rami. Wasan GTA Online na kamfanin Rockstar ya fito a 2013, kuma shekaru mutane suna kukan daɗewar da yake yi kafin ya buɗe a kwamfuta. A 2021 wani mai rubuta manhaja da ba ya aiki a kamfanin, ba shi ma da asalin rubutun wasan, ya zauna ya auna. Ya gano wasan yana karanta wani fayil na megabayit 10 mai ɗauke da kayayyaki wajen 63,000. Duk lokacin da zai karanta lamba ɗaya, sai ya ƙirga tsawon ragowar fayil ɗin gaba ɗaya. Sannan kowane kaya sai an gwada shi da duk waɗanda suka gabace shi don kada a maimaita, gwaji kusan biliyan 2 ke nan. Da ya toshe waɗannan ramuka biyu, buɗewar ta sauko daga kusan minti 6 zuwa ƙasa da minti 2 a kwamfutarsa. Kamfanin Rockstar ya amsa cewa gaskiya ne, ya fitar da gyara, ya kuma ba shi dala 10,000. Ina kyautata zaton ranar da aka rubuta wannan sashe fayil ɗin ɗan ƙarami ne, babu wanda zai lura. Ya yi ta girma a hankali, babu wanda ya waiwaya.

Za ka ji ana kafa hujja da masanin kwamfuta Donald Knuth, cewa ya ce gaggawar gyara sauri tun kafin lokaci ita ce tushen kowace ɓarna. Ya faɗa, a 1974. Amma a wuri guda ya ce yana magana ne a kan kusan kashi 97 cikin ɗari na lokuta, kuma kada a yi sake da kashi 3 ɗin da suka rage. Ya ce a auna tukuna a gano su. Rabin maganar aka riƙe, aka mayar da ita lasisin ƙin aunawa kwata-kwata.

Sai talabijin ɗinka. Wannan ya taɓa ba ni kunya a gaban abokan aiki. Wata mai gwada mana wasa ta dage cewa tsallen jarumin yana da nauyi, sai ka danna sannan ya tashi. Ni kuwa a kan allon teburina ban ji komai ba, har na fara tunanin ƙorafi ne kawai. Da ta ƙi janyewa, sai na je ɗakin gwajin. Na jingina waya a kan littattafai yadda kyamara za ta kama babban yatsanta da talabijin a lokaci guda, na sa ɗaukar bidiyo mai jan motsi, hotuna 240 a daƙiƙa, wato kowane hoto milisakan 4 da ɗan ɗoriya. Ta danna. Muka zauna muna matsar da bidiyon hoto-hoto, muna ƙirgawa da baki daga inda maɓallin ya nutse zuwa inda ƙafar jarumin ta bar ƙasa. Mun wuce 30. Fiye da milisakan 120 ke nan. Muka shiga saitin talabijin muka kunna yanayin wasa, muka sake ɗauka, ƙirgen ya faɗo ƙasa da rabi. Gaskiyarta ce, yatsanta ya riga lissafina ganewa.

Abin da ke faruwa shi ne talabijin na zamani ba ya nuna hoto da zarar ya iso. Yana riƙe shi ya yi masa kwalliya, ya ƙara kaifi, ya gyara launi, wani lokaci ma ya ƙirƙiro hotunan da babu su ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. Kafin ya ƙirƙiro na tsakiya kuwa dole ya jira na gaba ya iso. Ga mai kallon fim babu matsala, ko an jinkirta komai da rabin daƙiƙa ba zai sani ba. Mai riƙe da abin sarrafawa shi ke ji a jikinsa. John Carmack, wanda ya rubuta injin wasan Doom na 1993, wato manhajar da wasan ke gudana a kanta, ya taɓa cewa a 2012 zai iya aika saƙo daga Amurka zuwa Turai ta intanet da saurin da ya fi na aika ɗigo ɗaya zuwa allon da ke gabansa, kuma ya auna ne kafin ya faɗa. Jinkirin jerin zaɓuɓɓukan talabijin kuma wani abu ne daban. A kantin sayarwa hoto ake kallo, babu mai gwada saurin rimot, don haka kuɗin ƙira na tafiya wajen allo, a sa firosesa mai araha, sannan a ɗora mata manhajojin kallo da tallace-tallace da sabuntawar shekara biyar. Abin sauraro na Bluetooth ma haka, sau da yawa yana ƙara fiye da milisakan 100. Ba ka lura a bidiyo saboda manhajar na jinkirta hoton ya jira sautin. A wasa babu wannan damar, sai ka ga harbi kafin ka ji ƙararsa.

Masu nazarin yadda mutum ke mu'amala da kwamfuta sun daɗe da sanin iyakokin nan. Tun 1968 Robert Miller ya rubuta a kai, Jakob Nielsen kuma ya yaɗa su a 1993: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum na jin kamar shi ya motsa shi da hannunsa, daƙiƙa ɗaya, ya lura amma tunaninsa bai katse ba, daƙiƙa 10, hankalinsa ya tafi wani wuri. Masu yin tsarin waya sun san da haka. Android 4.1 na 2012 an yi shi ne musamman don motsin allo ya kai hotuna 60 a daƙiƙa. Amma ka duba inda aka ja layin hukunci: sai manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba kafin Android ya fito da saƙon cewa ta daina amsawa. Daƙiƙa 5 hotuna 300 ne a wurinmu.

Akwai kuma abin da muka iya wanda ba sauri ba ne, dabarar ɓoye jinkiri ce da yafe wa ɗan'adam. Tun QuakeWorld na 1996 wasannin intanet ba sa jiran sabar ta amince kafin su motsa ka. Ka danna gaba, ka tafi nan take a allonka, in sabar ta zo da saɓani daga baya sai a gyara a hankali. WhatsApp na yin irin wannan, saƙonka na bayyana nan da nan da ɗan agogo a gefe, alamar isa ta biyo baya. A wasannin tsalle kuma, in ka danna bayan ƙafarka ta bar bakin dutse da hoto uku ko huɗu, muna karɓa kamar ka danna a kan lokaci. In ka danna kafin ka sauka ƙasa, muna riƙe maka dannawar har ka sauka. Ɗan wasa bai san ana yi masa wannan alfarmar ba, cewa yake wasan na jin magana. Ka kwatanta da manhajar da kana shirin taɓa wani abu sai talla ta faɗo ta ture shafin, yatsanka ya sauka a wani wuri. Sai dai dabarar riga-malam-masallaci tana da iyaka. Ba na so manhajar banki ta nuna mini kuɗi sun tafi alhali ba ta tabbatar ba. A can jira shi ne daidai. Abin da nake nema kawai ta nuna mini nan take cewa ta ji dannawata, don kada in danna sau biyu.

Laifi tudu ne, don haka bari in taka namu. Wasanni na yanzu suna cin gigabayit sama da 100. Ana sayar da su ba a gama ba, da niyyar a gyara ta intanet daga baya, abin da ba zai yiwu ba a zamanin kaset, inda abin da ka tura masana'anta shi ke nan har abada. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cikin halin da ya sa Sony ta cire shi daga kantinta na PlayStation na tsawon watanni. Kuma yawancin dabarun da manhajoji ke amfani da su don riƙe ka, kyautar shiga kullum, jerin kwanakin da ba ka so ya katse, jan ɗigon da ke kiran ido, a wurinmu aka goge su suka yi kaifi. Akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba sun kai hukumar caca ta Beljiyam ta ayyana su a matsayin caca a 2018. Ilimin da ke sa maɓalli ya yi daɗin dannawa shi ne dai ke sa yaro ya kasa ajiye waya. Wannan yana damuna fiye da jinkirin rimot.

Su ma masu manhajojin yau da kullum suna da uzurin da ya kamata a faɗa. Suna fama da harsuna da dama, da makafi masu amfani da mai karanta allo, da tsaro, da dubban nau'o'in wayoyi. Manhajojin hira Slack da Discord na kwamfuta an gina su a kan Electron, wato kowannensu na ɗauke da burauza cikakkiya a cikinsa, don rubutu ɗaya ya yi aiki a Windows da Mac da Linux. Mai amfani ne ke biyan kuɗin wannan sauƙin da ma'adanarsa da batirinsa. Amma VS Code, wanda ake rubuta manhaja da shi, shi ma a kan Electron yake, kuma yana amsawa da saurin da ba ya ɓata rai, saboda masu yin sa sun ɗauki saurin da muhimmanci. Ka ga ba kayan aikin ne kaɗai ke yanke hukunci ba.

Wani ɓangare na jan ƙafar kuma daga jikin wayar yake. Ba ta da fanka, don haka in ta yi zafi sai ta rage gudun firosesa da kanta. Shi ya sa ba na yarda da gwajin minti biyu. Sai wasa ya yi rabin awa a hannu, wayar ta ɗumama, sannan nake duba lambobi. Tsohon batir ma na jawo haka. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir don kada su mutu ba zato, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Kafin ka yanke cewa tsohuwar waya ta gama yayi, ka duba batirinta da kuma ko ma'ajiyarta ta cika maƙil.

Tunda koyo kake, ga abin da zan sa ka yi da a ce kana zaune kusa da ni. Ka rubuta ƙaramin wasa ɗaya, ko da ƙwallo ce ke bugun bango, ko da ba ka da niyyar zama mai yin wasanni. Harshen bai dame ni ba, duk da cewa wata uku da C zai nuna maka inda ma'adana take da abin da take ci, sanin da zai bi ka ko ka koma Python. A kusurwar allon ka rubuta milisakan nawa kowane hoto ya ɗauka, da mafi munin da aka samu a daƙiƙa goma da suka wuce. Sai ka ƙara ƙwallaye, ɗari, dubu, dubu goma, kowace na karo da sauran, har lambar ta haura 16.7. Kafin ka buɗe furofaila, ka rubuta a takarda inda kake zaton lokacin ke tafiya, sannan ka auna ka gani. Ni dai takardata ta sha ba ni kunya. In ka gama, ka nemi waya mafi rauni da za ka iya ara, wadda ta shekara huɗu ko biyar, allonta ya tsage, ma'ajiyarta ta kusa cika, ka sa wasan a kanta ka sake ƙirga ƙwallayen.